Amsa ga Malam kan inabin Dadin Kowa

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ranar Asabar ka bugo waya a shirin manoma na rediyo ka tambaye ni: tunda da inabi ake yin giya a ƙasashen Turawa, me ya kai malamin gona irina gonar inabi, har ina yabon masu nomansa? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Gayyata ce ta kai ni. Wasu matasa huɗu masu ƙananan gonaki a ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa a jihar Gombe suka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfar inabin ɗayansu, kowa ya kawo nasa a faranti don mu ɗanɗana. Na ukun ne ya tsaya mini a rai. Baƙi ne, ƙwayarsa madaidaiciya, da wani fari-fari kamar hoda a ɓawonsa, kana cizawa ya fashe zaƙi ya cika baki. Ya ɗiga ruwansa a 'yar na'urar auna zaƙi, ta nuna 18, alamar sukarinsa ya kai. Haƙuri ne ya ba shi wannan. Inabi ba mangwaro ba ne da za ka tsinko ɗanye ka nuka a ɗaki. Ranar da aka yanke shi, nan zaƙinsa ya tsaya. Sauran sun girbe da wuri don tsoron tsuntsaye, nasu ya fito da tsami. Shi kuwa raga ya sayo ya lulluɓe, ya jira.

Damuwarka tana da tushe, Malam, amma a ruwan inabin da aka matse take. Ɓawon inabi yana ɗauke da yis, ɗan'uwan wanda ke kumbura burodi. In aka matse aka ajiye a zafin Gombe, cikin 'yan kwanaki sai ya fara kumfa, sukarin ya koma barasa. Na ga haka da idona a ranar: ɗayansu ya ɗura nasa a gorar roba bai dafa ba, gorar ta kumbura tim. Na sa aka zubar a gabana, kuma bai yi gardama ba, don rashin sani ne. Maganin ba wuya: a zafafa ruwan ya kai kamar digiri 80, a ɗura a tsaftatacciyar kwalba da zafinsa, a toshe. Wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi hakan tun 1869 don cocinsu ya samu ruwan inabi marar sa maye. Inabin da ya yi kwantai kuma a shanya shi ya zama zabibi.

Hukunci naku ne malamai. Ni dai na san Allah ya ambaci inabi cikin ni'imominsa a Suratu Abasa, kuma yana ƙona mini rai in ga 'yan kayan marmari suna sayar da wanda aka ɗauko tun daga Afirka ta Kudu ko Masar, alhali manoman Kudan a Kaduna sun nuna yana yi a ƙasarmu, ga kuma kwalejin tarayya ta noman lambu a Dadin Kowa.

Yaran nan masu saye suke nema da mai yi musu jagora. Bayan damina za su sassabe rassan, wajen wata huɗu kuma a girbe. In Allah ya kai mu, zan zo in ɗauke ka da kaina, ka ɗanɗana, ka kuma yi musu nasiha a kan maganar ruwan.

Wassalam.