Ga mai shirin zuwa Benis karon farko: garin da mota ba ta shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin ƴan uwa daga nan Yamai masu zuwa Italiya, ƴan kasuwa ne ko ɗalibai ko masu halartar taro, waɗanda sukan ware yini ɗaya ko biyu su leƙa birnin Benis. Hoton da kowa ya sani shi ne na baƙin kwale-kwale da matuƙi a tsaye, shi ya sa ake zaton komai a ruwa ake yin sa. A gaskiya Benis garin tafiyar ƙasa ne, jirgin ruwa taimako kawai yake yi, kuma yana da tsada. Wanda ya iso da lissafin garin taksi da kabu-kabu, ƙafarsa da aljihunsa ne za su biya.

Birnin yana arewa maso gabashin Italiya, cikin wani faffaɗan tafki na ruwan gishiri da ke haɗe da teku. Tsibirai ne ƙanana 118 da gadoji sama da 400 suka haɗa. Gidajen a kan turakun itace suke da aka kafa cikin laka tun ɗaruruwan shekaru, kuma da yake iska ba ta kai gare su, ba su ruɓe ba. Masu garin Venezia suke cewa, da wannan sunan za a gan shi a allunan tasha.

Kuskuren farko tun a jirgin ƙasa ake yin sa. Manyan tashoshi biyu ne suke ɗauke da sunan garin. Venezia Mestre tana kan tudu, unguwa ce irin ta ko'ina mai kwalta da motoci. Venezia Santa Lucia ita ce ta ƙarshe, sai an ƙetare gada mai tsawon kusan kilomita 4 a kan ruwa. Mai gaggawa yana ganin "Venezia" sai ya sauka a Mestre yana neman ruwa. Gyaran ba wuya, jirgi na gaba zai ƙarasa da shi cikin minti goma sha, kuɗin bai kai yuro 2 ba. Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Marco Polo kuwa, bas ce mafi sauƙi: minti 20 zuwa 25 ta kai shi Piazzale Roma, inda duk wata mota take tsayawa. Akwai jiragen ruwa na Alilaguna daga filin, suna ɗaukar sama da awa ɗaya. Taksin ruwa ma akwai, amma ya haura yuro 100, a bar wa masu shi.

Daga Piazzale Roma ba mota, ba babur, keke ma an hana ko da tura shi za a yi da hannu. Kusan kowace gada matakala ce a hau a sauka, don a bar wa jirage hanya ta ƙarƙashi. Mun saba tafiya da akwati mai kilo 23 guda biyu ga jakar tsaraba. A ɗauki wannan kaya a ƙirga gada takwas kafin otel, a lungun da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Shawarata a bar manyan kaya a ma'ajiyar kaya ta tasha, ana biya gwargwadon awoyi, ko a kama ɗaki a Mestre inda ya fi araha, a shigo da ƴar jaka. Wanda ya nace sai ya kwana a cikin tsohon gari, kafin ya biya ya tambayi otel abu biyu: wace tashar jirgin ruwa ce kusa, kuma gada nawa ce tsakani. Tsofaffin gidajen da yawa ba su da na'urar hawa bene. Idan akwai dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, wannan tambaya ta fi ta farashi muhimmanci.

Jiragen haya na gari vaporetto ake ce musu, su ne faba-fabarsu, kamfanin ACTV ke gudanar da su. Tikiti ɗaya yuro 9.50 ne, wato sefa jika 6 da ɗoriya, yana aiki minti 75. Na awa 24 yuro 25, na awa 48 yuro 35, na awa 72 yuro 45. Lissafin a fili yake: wanda zai hau sau uku a yini, na awa 24 ya fi masa. Sayen tikiti kaɗai bai wadatar ba. Kafin kowace hawa sai an kara shi a jikin na'urar da ke bakin tasha har ta yi ƙara ta nuna kore. Mai bincike idan ya tarar ba a kara ba, daidai yake da ba a saya ba, tara ce nan take, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto.

Tashar kanta dandamali ne da ke lilo a kan ruwa, kuma manyan tashoshi suna da dandamali da yawa masu haruffa A, B, C. Jirgi mai lamba ɗaya yana tsayawa a tafiya da dawowa, don haka lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an karanta sunan inda ya dosa a allo. Nan baƙi suka fi ɓata awa guda a banza. A bari masu sauka su gama, a sauke jakar goyo daga baya, a matsa ciki kada a toshe wurin da ma'aikacin jirgi yake jefa igiya. Layi na 1 yana bin babbar hanyar ruwa, Canal Grande, mai tsawon kusan kilomita 4, yana tsayawa a kowace tasha, kimanin minti 45 daga Piazzale Roma zuwa San Marco, babban filin garin. Ba na mai sauri ba ne, amma a ganina babu kallon da ya kai shi a garin idan aka samu wuri a waje. Layi na 2 ya fi sauri.

Shi kuwa baƙin kwale-kwalen hoto, gondola, ba abin sufuri ba ne, yawon shan iska ne. Hukumar gari ce ta yanka farashi: tun ƙarshen 2023 yuro 90 ne na minti 30 da rana, wajen jika 59 ke nan, da dare yuro 110. Kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya, ba na kowane kai ba, kuma mutum 5 yake ɗauka, saboda haka a haɗa kai a raba. A daidaita tsawon lokaci kafin a taka ciki. Mai son ɗanɗanawa da arha ya nemi alamar traghetto, misali a Santa Sofia daura da kasuwar Rialto, ko a San Tomà. Babban kwale-kwale ne da matuƙa biyu suke fito da mutane zuwa ɗaya gaɓar da yuro 2, kamar dai yadda ake fito a kogin Kwara, sai dai minti biyu an isa. Yana da amfani sosai, domin gadoji 4 ne kawai suka ƙetare Canal Grande.

Ɓata hanya kuwa babu makawa. Lambar gida ba ta bin titi, unguwa take bi. Unguwanni 6 ne: San Marco, Castello, Cannaregio, Dorsoduro, San Polo da Santa Croce, kowace lambobinta suna tafiya har dubbai. Adireshi irin "Castello" da lamba ta dubbai a gabansa bai nuna wa baƙo komai ba, sai a nemi sunan fili ko cocin da ke kusa. Taswirar salula tana rikicewa a matsattsun lunguna, ta nuna mutum a wancan gefen ruwa. Abin dogaro shi ne allunan rawaya a saman bango: Per Rialto, Per San Marco, Ferrovia wato tashar jirgin ƙasa. Daga tashar zuwa San Marco minti 35 zuwa 40 ne a ƙafa in ba cunkoso. A riƙa bin dama, kada a tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar gada, domin mazauna tsohon garin, waɗanda yanzu ba su kai 50,000 ba, ta nan suke zuwa aiki, kuma ta nan masu dako suke jan amalanke. Lungu da yawa a ruwa yake ƙarewa ba shinge. Matakalar bakin ruwa da ta yi kore da gansakuka santsi gare ta kamar sabulu, kada a taka.

Sai batun ambaliya, wadda suke kira acqua alta. Mu a Yamai idan kogi ya fasa, kamar yadda ya yi a 2020 a Lamorde da Saga, ruwa makonni yake zaune. Na Benis daban ne. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini. Idan cikar ta haɗu da iska mai turo ruwa daga kudu, galibi tsakanin Oktoba da Janairu, sai ruwa ya ɓullo ta magudanun ƙasa ya malale wuraren da suka fi gangare, bayan awa uku ko huɗu ya koma. Adadin da ake sanarwa yana tsorata baƙo ba gaira ba dalili. In an ce santimita 110, ba zurfin ruwa a titi ake nufi ba, daga wata alama ta awo ake ƙirgawa. Filin San Marco, mafi gangare a garin, yana fara jiƙewa tun wajen santimita 80 zuwa 90, to a 110 ruwan bai fi taɓa ƙwauri ba a can, alhali bakin tashar jirgin ƙasa a bushe yake. Ana busa jiniya kafin ruwa ya hau, ana kuma jera dogayen katakai masu ƙafafu a manyan hanyoyi. Mafi muni da aka gani su ne santimita 194 a ranar 4 ga Nuwamban 1966 da 187 a ranar 12 ga Nuwamban 2019. Tun Oktoban 2020 ake ɗaga ƙofofin ƙarfe 78 na shirin MOSE a mashigai uku na teku, suna tare manyan ambaliyoyin, amma ƙananan har yanzu suna shiga San Marco. Ruwan gishiri ne kuma da ƙazantar gari a ciki. Ba a shiga ba takalmi, ba a alwala da shi, yana kuma lalata takalmin fata. Takalmin roba mai tsawo ana samunsa a shaguna.

Tun 25 ga Afrilun 2024 an sa kuɗin shiga ga mai zuwa yini ɗaya ya koma, a wasu ranakun cunkoso tsakanin Afrilu da Yuli, daga 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. Yuro 5 ne, a 2025 kuma aka mai da shi 10 ga wanda bai biya da wuri ba. A intanet ake biya, a ajiye shaidar a salula. Mai kwana a otel cikin ƙaramar hukumar Benis, har da Mestre, an ɗauke masa, sai dai ya tambayi otel ɗin shaidar da zai nuna. Ana kuma cin tara a kan wanka a hanyoyin ruwa, da zama bisa gada ko matakalar gine-ginen tarihi ana cin abinci, da ba tattabaru hatsi.

A wajen abinci musulmi ya riƙe kalmomi kaɗan. Maiale alade ne, haka prosciutto da pancetta da salame da mortadella duk nasa ne, strutto kuma kitsensa ne da akan sa a wasu nau'in burodi. Vino giya ce, ana zuba ta a miya da shinkafa, sai an tambaya. Kifi ne mafita, kuma garin kifi ne. Amma in an ga all'etto kusa da farashi, kuɗin giram 100 ne ba na faranti ba, a sa a auna a faɗi jimla tukuna. Akwai coperto, kuɗin zama a kan kowane mutum. Kofi a tsaye gaban kanta bai kai yuro 2 ba, a zaune a filin San Marco ana kiɗa ya haura 10. Ruwan famfunan filaye na sha ne, a zo da gora. Ban-ɗakin jama'a yuro 1.50 ne kuma ba buta, amma a ɗakunan otel akwai wani kwanon tangaran kusa da masai wanda don tsarki aka yi shi. Wuraren sallar Juma'a da mahautan halal suna Mestre da maƙwabciyarta Marghera. Alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni magariba sai wajen 9 na dare, a Disamba kuwa kafin 5 rana ta faɗi, ga sanyi mai laima da ya fi hunturunmu ratsa ƙashi.

Mai yini ɗaya kada ya cika buri. Gadar Rialto da aka kammala a 1591 da kasuwar kifin da ke gefenta da safe, sai filin San Marco da fadar sarakunan da suka mulki garin har 1797, sun isa. Cocin San Marco ba a shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, wannan bai dame mu ba, amma babbar jaka ma ba ta shiga. Masu karatu za su so sanin cewa a wannan gari, wanda ya yi ƙarnoni yana ciniki da Masar da Turkawa, aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i cikin haruffan Larabci, a tsakanin 1537 da 1538. Tsibirin Murano na masu hura gilashi da Burano mai gidaje kala-kala sai mai kwana biyu. Layi na 12 daga Fondamente Nove yana kai wa Burano cikin kimanin minti 45.

Ranar komawa a ƙara awa guda a kan duk lissafin da aka yi. Da yamma jirgi yakan iso a cike ya bar mutane a tasha, a lokacin sanyi hazo yana tsayar da wasu layuka, ranar yajin aikin ma'aikatan sufuri kuma, wanda akan sanar tun kafin ranar, sai dai a bi allunan Ferrovia a ƙafa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani mai karatunku,
Yamai, Jamhuriyar Nijar