Zuwa Ga Gwamnan Jahar Maraɗi: A Fitar Da Darasin Jarumta Daga Cikin Aji

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A lakwal ɗinmu yaro yana haddace sunan Sarauniya Mangu da shekarar 1899, ya zuba su a takardar jarrabawa, washegari ya manta. Laifin na hanyar koyarwa ne: an ba shi suna, ba a nuna masa wuri ba, ba a ɗora masa aiki ba.

Maraɗi kuwa ba ta rasa abin nunawa. Ɗan Kasawa ya tsayar da sarautar Katsinawa a nan wajen 1819, bayan Birnin Katsina ya kuɓuce musu. Sarki Ɗan Baskore da jarumin yaƙi Ƙaura Hasau har yau suna bakin makaɗa. Muna roƙon kowane ajin kwaleji ya je fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ko ta Gobir a Tsibiri sau ɗaya a shekara, ɗalibai kada su wuce 40, kowa da tambaya uku a rubuce. In sun fi haka, ziyara ta koma yawon ɗaukar hoto. A kuma faɗa musu gaskiya: yaƙoƙin nan sun ƙone garuruwa, an kama bayi. Yaron da aka ɓoye wa wannan, ran da ya ji a waje zai daina yarda da malaminsa. Ambaliyar 1945 ma, wadda ta tashi garin daga bakin gulbi zuwa tudu, darasi ce.

Sai aikin gayya, inda muka fi son ku sa hannu. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itace, ana tafi, a watse. Lokacin lakwal tana hutu, ba shinge, ba mai ban ruwa. Kafin yara su dawo a Oktoba awaki sun gama da shi. Manoman jahar nan sun samo mafita tun shekarun 1980, wato sassaben zamani, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kai. Ana neman kututture mai rai a gona, a zaɓi tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran. Gatari ya kasance mai kaifi, sara kuma daga ƙasa zuwa sama, don in aka sara ta sama ɓawo yana yagewa, ciwo ya shiga itacen. Ana rage rassan ƙasa har rabin tsawon tofon, a ɗaura masa jan ƙyalle don mai neman makamashi ya san yana da mai shi. A ba kowane aji kututture 20, a rubuta su a littafi, a ƙirga rayayyu a watan Mayu, lokacin da rani ya gama gwada su. Gawo ya fi cancanta, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana.

Ga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da manyan ƴan lise, akwai ba da jini: mai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, ana ɗibar kimanin mililita 450. A tsara shi kafin tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙarar wa ƙananan yara jini.

Muna roƙon ku umarci hukumar ilimi ta jaha ta sa waɗannan cikin jadawalin shekara mai zuwa, a fara da kwaleji biyu a kowace gunduma.

Allah ya taya riƙo.

Wasu malaman tarihi da ma'aikatan gona, Maraɗi