Wasiƙa ga Ɗana kan Amanar Yaran Unguwa

Assalamu alaikum, Babana.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikokina. Na ji mai unguwa ya sa ka cikin kwamitin kula da Islamiyyarku ta Ɗorayi. Allah ya taya ka riƙo. Akwai maganar da kunya ba za ta bar ni in yi maka ita baki da baki ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar lalata da ƙananan yara ce. Allah ya kiyaye, amma wata rana ana iya kawo ta gabanku, kuma na san yadda aka saba yi. A taru a zaure bayan isha'i, wanda ake zargi ya sunkuyar da kai, wani dattijo ya ce sharrin Shaiɗan ne, a rufa wa juna asiri, ai yarinya ce, gobe aure za ta yi. A miƙa wa uban kuɗin magani, a shafa fatiha. Ita kuwa yarinyar tana cikin gida, ba wanda ya tambaye ta komai, an gasa ta da ruwan zafi, an wanke kayanta. Washegari mutumin ya buɗe shagonsa, wani yaron ya shiga sayen alewa. Kada a yi irin wannan zaman da kai. Sulhu na rikicin fili ne da bashi. Wannan laifi ne, kuma akwai waɗanda aikinsu ke nan.

Na farko da za ka sani ita ce Cibiyar Waraka, a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Don waɗanda aka yi wa fyaɗe aka buɗe ta, kuma kyauta suke dubawa. Likita zai duba yaro, a ba shi magani, masu ba da shawara su kwantar masa da hankali shi da uwarsa, sannan a rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Abin da mutanenmu ba su riƙe ba shi ne lokaci. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurinku gwargwadon amfaninsa. Kwana uku ke nan, daidai kwanakin da ake ɓatawa ana jiran kawu ya dawo daga tafiya a yi shawara. Kada a yi wa yaro wanka, kada a wanke kayan da ke jikinsa, a tafi da su haka nan. Shari'u da yawa a bahon wanki suke mutuwa.

Daga nan sai 'yan sanda. Mutanenmu sun fi sakin jiki da Hisbah, ban kuma ga aibun fara sanar da su ba, amma ka tabbata magana ta isa kotu. In iyayen ba su da halin ɗaukar lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kano, tana tsaya wa irinsu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma tana da ofis a nan, ita ake kai wa kuka in aka ga ana neman danne magana saboda mai laifin ɗan wani ne. Hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP kuma, wadda aka kafa a 2003, tun 2019 take riƙe da rajistar sunayen waɗanda kotu ta kama da irin wannan laifi. In wani ya ce maka wannan al'adar Turawa ce, ka tuna masa Kano na da dokarta ta kare yara, wadda majalisarmu ta zartar, Gwamna Ganduje ya sa mata hannu a 2023.

Amma duk wannan bayan ɓarna ce. Ni abin da na fi so shi ne ka jawo masu wayar da kai tun kafin komai ya faru. 'Yan ƙungiyar FOMWAN mata Musulmi ne, tun 1985 suke aiki, in suka zauna da iyaye mata ba mai yi musu kallon baƙi. Akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, akwai gidauniyar Isa Wali a nan cikin gari. Ku rubuta musu takarda, ku ba su wata ranar Asabar. Su sun san yadda ake gaya wa ɗan shekara biyar cewa akwai inda ba a taɓa shi, kuma duk wanda ya ce masa "kada ka gaya wa Umma", to ranar ce zai gaya mata.

Sauran aikin naku ne. Kada malami ya keɓe da ɗalibi ƙofa a rufe, komai tsawon gemunsa, malamin kirki ba zai ji haushin wannan ba. A san wanda ke zuwa ɗaukar kowane yaro. A sa ido kan waɗanda ke saura bayan an tashi, da lungun banɗaki. Mai yin abin nan da wuya ya zama baƙo, yawanci wanda yaro ke durƙusawa ya gaisar ne. Kuma kada ka ɗauka 'yan mata kaɗai ne. Yara maza ma ana yi musu, su ne ma suka fi yin shiru, balle almajirin da uwarsa ke wani gari.

In yaro ya buɗe baki ya gaya maka, kada ka daka masa tsawa, kada ka ce me ya kai shi wurin. Ka saurare shi, ka ce masa ba laifinsa ba ne, kada kuma a yi ta sa shi maimaitawa gaban jama'a.

Cikin makon nan ka leƙa Waraka da ƙafarka, ka karɓi lambar wayarsu ka ba kowane ɗan kwamiti. Ka gaida iyali.

Mahaifinka.