Kafin Ka Taho Gida, Ga Abin da Ya Hana Ni Barci

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman baƙunta? Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Sanyi ya fara saukowa, an gama yankan riɗi, masu noman rani kuma har sun fara gyaran injinan ban ruwa.

Saƙonninka na murya guda uku duk na ji su, autanku ne ya kunna mini a wayarsa a wajen mai shayi, gaban jama'a, har da wanda kake cewa na yi kuɗin riɗi na manta da mutane. An yi dariya, amma wallahi ba haka ba ne. Wayata ce ta nutse, ta tafi da lambobi da komai, kuma abin ya tsaya mini a rai har na kasa ɗaukar wayar wani in ba ka labari. Yau dai na ce sai na zauna na rubuta, don akwai shawarar da nake nema, kuma kai kaɗai ne za ka saurare ni har ƙarshe.

Cikin Satumba ne ruwan ya iso mana. Bai kai na 2022 ba, wanda ya tashi garuruwa tun daga Ringim har Auyo da Guri, amma ya cinye shinkafar fadamar ƙasa gaba ɗaya. Sai masu rajistar tallafi suka ce kowane manomi ya kawo hotonsa a gonarsa. Ka san duk abin da ya shafi hoto a garin nan ni ake turo wa. Kwana biyu muna yawo a kwalekwalen ɗan Sarkin Ruwa, wani wurin ruwa iya ƙugu, wani iya ƙirji, mutum ya tsaya ya nuna maka da sanda ya ce nan ce iyakata da wane. A hanyar dawowa ranar ta biyu kwalekwalen ya sarƙe a cikin kacala, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ya karkata, ruwa ya shigo. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, alhamdu lillahi, sai dai wayar tana aljihun gaban rigata. Yaron ya yi nutso ya lalubo ta a cikin laka. Na tura ta buhun shinkafa kwana uku kamar yadda kowa ya ce, na kai ta Haɗeja, na kai ta Kano. Duk wanda ya buɗe sai ya girgiza kai.

Hotunan gonaki mun koma mun sake da wayar aro. Waɗanda ba za su saku ba su ne na Malam, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Ka tuna wanda na ce zan turo maka, yana zaune kan buzunsa a zaure yana duba allon ƙaramin jikansa, hasken hantsi ya shigo ta ƙofa ya sauka a gemunsa? Sati biyu kafin ya kwanta ciwo na ɗauke shi. Iyalinsa sun tambaye ni har sau biyu, na rasa bakin ba su amsa.

To, riɗi ya yi albarka bana, na fitar da na gida, na biya bashin taki, saura ya rage. Na ƙudura a raina zan sayi kyamara ta gaske, in daina dogara da waya. Guda biyu ne a gabana, kuɗina kuma ba zai kai duka ba, ka san taura biyu ba ta taunuwa.

Ta farko babba ce, irin wadda masu hoto ke kira DSLR, Nikon D7200, ta hannu. Mai hoton nan na Haɗeja da muka yi sakandare da ƙaninsa ne zai sayar, da dogon lensinta mai milimita 70 zuwa 300, don shi zai koma irin sababbin nan marasa madubi a ciki. Ya ce duk manyan kamfanonin can suka karkata, shi ya sa irin tasa ta yi sauƙi a kasuwa. Ƙirar 2015 ce amma tana nan garau. Ya ara mini ita ranar hawan Sallah da ta wuce, kuma mutumina, gani ya kori ji. Da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jahi, na ɗora ido a wajen leƙawa na danne, tana ɗaukar hoto 6 a sakan ɗaya. Da muka buɗe a kwamfutarsa, ga kumfar bakin doki, ga zaren alkyabba ɗaya-ɗaya, ga ƙura ta tashi a baya ta yi laushi kamar hazo. Na daɗe ina kallo ban ce komai ba. Ya bayyana mini cewa sirrin yana ga sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai. Nata ya kai kusan milimita 24 a tsawo da 16 a faɗi, na ƙananan kyamarori kuwa bai wuce 6 da 4 da rabi ba, ka ga ya ninka shi wajen sau 13. Shi ya sa ko da daddare, a wajen kamu, da ƙwan janareta ɗaya, take fito da fuskar amarya tas. Batirinta yana ɗaukar hoto sama da 1,000 kafin ya nemi caji. Abin da ya fi taɓa ni ma, tana da gidan memori biyu, kana iya sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun lokaci guda. Da ya faɗi haka, Malam ne ya faɗo mini a rai.

Af, kafin in manta, zancen kamu ya tuna mini. Ƙanwar matar yayanka an sa ranarta, bayan girbin shinkafar rani. Gwaggo ta ce in gaya maka yanzu kai kaɗai ka rage a sa'anninka, kuma in ka kuskura ka dawo daga Malesiya da digiri ba maganar aure, ita da kanta za ta zaɓa maka, ba kuma za ta tambaye ka ba. Ni dai na ce mata ta yi haƙuri, mutumin da ya shekara biyu yana cin shinkafa safe da rana da dare ba tuwo, sai an fara yi masa jinyar miyar kuka kafin a kai shi gaban surukai. Hoton da ka sa a Facebook da rigar sanyi a cikin laburare ma an gani. Kawu ya ce ashe can ma hunturu ake, na ce masa a'a, na'urar sanyaya ɗaki ce ta fi ƙarfin ɗan fadama.

Ta biyun ƙarama ce, tana shiga aljihu, nauyinta rubu'in kilo. Ana kiranta Tough. Da Olympus ke yin ta, TG-6 ta 2019, yanzu an sayar da sashen kyamarorinsu, suna fitowa da sunan OM System, sabuwar kuma TG-7 ce, ta fito a 2023. A hannun wani ma'aikacin kula da tsuntsaye na fara ganin ta a dausayin Baturiya. Muna tsaye ya tsoma ta cikin ruwa, ya ciro, ya goge da gefen riga, ya ci gaba da ɗauka. An yi ta ta jure nutso har mita 15, ta jure faɗuwa daga mita 2, ko buhu mai kilo 100 aka ɗora mata ba ta fashewa, ƙura kuma ba ta da hanyar shiga don lensinta a rufe yake, ba a cire shi. Tana rubuta wurin da aka ɗauki kowane hoto ta GPS, wanda da muna da shi ranar rajistar gonaki da ba a yi ta musun iyaka ba. Tana kuma matsawa kusa da abu har santimita 1, ya nuna mini tsutsar da ke cin zuciyar masara, har gashin jikinta ana gani. Ka yi tunanin in ɗauki cutar ganyen shinkafa haka in aika wa malamin gona a Dutse ba sai ya zo ba.

Na san aibinta, ba rufe ido na yi ba. Megafiksel 12 ne kawai, ta mai hoton Haɗeja 24. Zuƙowarta ninki 4 ce, ba za ta kamo dinya ko kirinjijiya a tsakiyar tafki ba, balle baƙin tsuntsayen nan da ke zuwa daga Turai da hunturu, waɗanda ko tari ka yi sun tashi. Da magariba ta yi hotonta sai ya fara yin yashi-yashi. Batirinta bai fi na hoto 300 da ɗoriya ba, sai dai ana cajinta da wayar USB, ka ga ƙaramin solana ma ya ishe ta, ita kuwa babbar cajarta ta soket ce, kai kuma ka san rabonmu da wuta.

Kowa babbar yake cewa in saya. Yayana ya ce kyamara jari ce, wadda za ta mayar da kuɗinta ake saya, kuma gaskiyarsa. Ba uwar amaryar da za ta biya ka in ka zo da abin da bai kai wayar ɗiyarta girma ba, za a ce wasan yara ka zo yi. Biki, suna, saukar karatu, hoton fasfo na masu jarrabawa, hotunan 'yan takara in siyasa ta zo, duk na babbar ne. A lissafina, shekara ɗaya da rabi ta biya kanta.

Amma ka tsaya ka ji. Na kwanta na lissafa hotunan da na yi baƙin cikin rashinsu a shekarun nan, kusan duka a kan ruwa suke ko a bakinsa. Ranar da aka buɗe kamun kifi, masunta sun fi ɗari a kan gora, kowa da homarsa, rana na fitowa. Matan da suka ɗauko awaki a ka suna ratsa ruwa a 2022. Aikin gayyar yankan kacala, maza tsamo-tsamo cikin laka da lauje don ruwa ya sami hanyar wucewa. Tsuntsayen nan jan baki in sun taso daga cikin kacalar nan kamar hadari sun nufi shinkafa, yara na bin su da gwangwani. Masu hoton biki sun yi yawa daga Haɗeja har Gumel, kowa da babbar kyamararsa a wuya, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya shiga kwalekwale da ita ba, kuma ban ga laifinsu ba. An ce D7200 tana jure yayyafi da 'yar ƙura, amma jure yayyafi daban, faɗawa kogi daban. Zan sa ta a jakar roba in ɗaure baki, to lokacin da abin ɗauka ya zo fa? Kafin in kwance ya wuce, in kuma na riƙe ta a hannu, hankalina na kanta, ba ya kan abin da nake kallo. Ga hunturu, duk sauya lensi sai ƙura ta sauka a sensa, ka ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniya a kowane hoto, gogewa kuma sai Kano. Da damina danshi yakan sa lensi ya yi fumfuna daga ciki in ba ka iya ajiya ba, ni kuwa ɗakin ƙasa nake kwana.

Na san abin da za ka ce, in sayi babbar, in sa sabuwar waya a ledar nan mai igiya da ake ratayawa a wuya. Na gwada da wayar aro. Ledar tana yin gumi daga ciki, hoto ya fito kamar an ɗauka ta bayan labule, kuma da jiƙaƙƙen hannu ko ka danna ba ta ji.

Zuciyata dai ta fi karkata ga ƙaramar, ko da yayana zai yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sosai. Mutanen da ke zaune a Dutse da Abuja suna jin an ce ambaliya a Jigawa, suna ganin adadi a takarda, amma ba su ga tsohon da ya tsaya cikin ruwa iya wuya yana laluben kan shinkafarsa da ƙafa ba. Ruwan nan daga Tiga da Challawa yake tahowa, ya bi ta Wudil da Ringim ya same mu, kuma zai sake zuwa. Ina so in ya zo ya tarar da ni da abin da zan shiga cikinsa da shi ba fargaba. Duk da haka in na tuna dawakan nan na Sallah sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, shi ya sa har yau ban ba mai hoton amsa ba, shi kuma ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata.

Ga abin da nake so ka yi mini. Ka shiga shagon kyamara a nan Kwalalamfur ka tambayo kuɗin TG-7, da TG-6 in akwai saura, don an ce mini bambancinsu kaɗan ne. Ka buɗe ƙofar batirin ka duba robar da ke zagaye da ita da idonka, don ma'aikacin nan ya ce a nan duk amanar take, ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya maƙale ruwa ya sami hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Ka tambayo batir na biyu, da igiyar hannu mai sa ta yi iyo, domin ita kanta nutsewa take in ta suɓuce, kuma ruwanmu ba irin na tekunsu ba ne da ake hango ƙasa. In kuma a ganinka wauta zan yi, ka faɗa mini kai tsaye kamar yadda ka saba, ba zan ji haushi ba. Sai ka tambayar mini yadda ake duba yawan hoton da D7200 ta taɓa ɗauka, an ce an ƙiyasta mata 150,000, shi kuwa mutumin shekara nawa yana bin bukukuwa da ita.

Ɗan Sarkin Ruwa ya sayi injin jirgi, ƙarami, yanzu cikin minti ashirin yake kai mutane tsallake, har ya fara ɗaga kai. Kukar bakin makaranta da muke jifa ta faɗi da iskar farkon damina, ba ta taɓa kowa ba. Liman ya sami ƙaruwa, namiji, an mayar da sunan Malam. Inna ta daka maka kuka da daddawa ta ƙulle tun watan jiya, ta ce in tambaya ko ana barin su shiga jirgin sama, in ana bari za ta ba ɗalibin nan na Kafin Hausa da zai koma wajenku bayan hutu.

In kana da wani hoton Malam a tsohuwar wayarka, ko wanda bai fito sosai ba, don Allah ka turo ta lambar autanku, zan kai Haɗeja a wanke in miƙa wa iyalinsa.

Ka gaida abokan zamanka. Kowa na gida yana gaishe ka. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Mai hoton garinku