Kifin Baga bai ƙare ba, hanyar ce ta mutu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da ma'aikatanka, dan Allah a bani ɗan fili a shafin wasiƙu in faɗi abinda ya daɗe yana cina a rai. Ni ba wani zurfin boko nayi ba, firamare na gama na faɗa kasuwa, wannan rubutun ma ɗana ne yake taya ni dannawa a waya, in an ga kuskure ayi haƙuri.

Kusan kullum in ka kunna rediyo sai kaji manya sun taru a wani otal suna maganar bunƙasa tattalin arzikin Afirka, wai ga kasuwar bai ɗaya ta nahiyar nan wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018 akace ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, har ofishinta aka kai Accra. To madalla, Allah ya sa albarka. Amma ni duk sanda naji irin wannan labari Doron Baga, kasuwar kifin nan ta bakin tafkin Chadi a jihar Borno, ita ce take faɗo min a rai, domin mu mun ga kasuwar bai ɗaya da idonmu tun ba'a rubuta ta a takarda ba, kuma a gaban idonmu ta watse.

Na shiga harkar banda ne a shekarun 1990 ina yaron wani maigida, Allah ya jiƙansa. Daga Maiduguri mu ɗau hanya mu wuce Gajiganna, Gajiram, Monguno, Kuros Kauwa sai Baga, tafiyar kusan kilomita 200, kuma wallahi da daddare ma mun sha bin hanyar nan babu abinda kake tsoro sai faci ko barcin direba. In ka isa Doro a lokacin da kifi ke fitowa sai ka rasa a wace ƙasa kake. Ga Buduma sun fito daga tsibirai, ga Barebari, ga Hausawanmu masunta da suka taso tun daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja, ga Jukunawa, ga Shuwa, ga mutanen Mali da suka zo da gurarsu ta kamun kifi, ga Ibo da suke jiran kaya su wuce dashi Onica da Inugu, wasu kuma Legas da Ibadan. Naira na yawo sefa na yawo, ɗan canji na zaune a gefe. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi a kwali kwali an ɗaure da igiya an jibge kamar dala. Mutumin ɓangaren Chadi zai baka kaya na maƙudan kuɗi bashi, ba takarda ba lauya, fatoma, wato dillalin da ke tsakaninku, shine kawai shaida, kaje ka sayar ka dawo bayan sati biyu ko uku ka biya shi. Ni dai ban taɓa jin an tambayi wani fasfo kafin ayi ciniki dashi ba.

Kuma kifin nan ba masunci kaɗai yake ci dashi ba, wannan shine abinda masu lissafi a ofis basa gani. Mai saƙa koma dashi yake ci, mai ƙera kwale-kwale, mai kawo itacen banda, matan da suke tsaye kan hayaƙi tun asuba, mai sayar da kwali da igiya, 'yan dako, direba da yaron motarsa, bakanike da mai faci a Monguno, mai shayi da mai tuwo a Gajiram, har almajirin da yake tsintar gutsuttsarin da ya zube ya kai gida ayi miya. Kwali ɗaya kafin ya isa Onica Allah kaɗai ya san gida nawa ya ɗora wa tukunya.

Nasan za'a ce min ai tafkin ne ya ƙafe. Wannan maganar na gaji da jinta. Eh gaskiya ne tafkin Chadi ya ja baya sosai, a shekarun 1960 ana maganar faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da na 1980 suka cinye mafi yawansa. Amma Edita ka lura, duk wannan cinikin da nake baka labari bayan ƙafewar akayi shi. Ruwan da ya janye ma ƙasa ya bari mai albarka, mutane suka bi shi suna shuka masara da wake ba taki ba ban ruwa, wake na bakin tafki har Kano yake zuwa. Mutum in an barshi lafiya ya san yadda zai yi da fari, kakanninmu sun yi. Abinda bai san yadda zai yi dashi ba shine a tare shi a gona a yanka.

Akwai wani abu da ya faru a yankin nan da ban cika jin ana tunawa dashi ba. Najeriya da Kamaru sun yi shekaru suna jayayya akan iyaka, Bakasi a kudu da kuma ƙauyukan wajen Darak a cikin tafkin. Kotun duniya ta yanke hukunci a watan Oktoban 2002, a ƙarshen 2003 Najeriya ta janye daga Darak da ƙauyukan kewayenta, Obasanjo da Paul Biya suka daidaita ba tare da an gwabza yaƙi ba. A lokacin mu ma munji haushi, a majalisarmu har cewa mukai an sayar da ƙasa. To amma me ya faru? Tuta ta canza, jandarma ya maye gurbin ɗan sanda, kifi kuma yaci gaba da zuwa Doro kamar yadda ya saba, wanda kake bi bashi yana nan, wanda yake binka shima yana nan. Yanzu da na manyanta sai nake ganin wannan haƙurin da akayi yafi mana amfani akan duk wata jarumta da muke ta kira ayi.

Sai ga masifar Boko Haram. A watan Afrilun 2013 akayi faɗan da ya ƙone gidaje sama da dubu biyu a Baga, sannan ranar 3 ga Janairun 2015 suka afka wa Baga da Doro, hotunan tauraron ɗan adam da ƙungiyar Amnesty ta fitar sun nuna gine-gine sama da 3,700 da aka lalata, mutane suka faɗa ruwa suna neman tsallakawa Chadi, wasu basu kai ba. Ƙarshen 2018 'yan ta'addan suka sake kwace garin. Ba zan tsaya jan wannan ba, duk wanda yake karanta jaridar nan ya sani, kuma akwai waɗanda har yau in an taɓo zancen basa iya cin abinci.

Inda nake so a tsaya a duba shine abinda ya biyo baya. Da hukumomi suka ga 'yan ta'adda na samun kuɗi ta kifi da shanu da tattasai, sai akace to a rufe kasuwar gaba ɗaya. A Borno aka hana safarar kifi, a 2016 aka rufe wasu kasuwannin shanu ciki har da ta Gamboru, takin zamani ma aka takura shi saboda ana haɗa bam dashi. A Nijar kuma bayan harin Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015 aka sa dokar ta ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, wanda duk wanda ya san bakin kogin Komadugu ya san tattasai shine zinaren mutanen wajen, dashi ake aure dashi ake zuwa Makka, kuma da naira ake cinikinsa don Najeriya yake shigowa. Bayan harin Karamga aka kwashe mutanen tsibirai aka zube su a tudu babu koma babu kwale-kwale. Ni ban ce anyi haka da mugun nufi ba, wanda yake riƙe da bindiga yana ganin ana kashe abokan aikinsa dole ya nemi hanyar toshe wa maƙiyi kuɗi. Amma a zahiri wa aka toshe? Saurayi mai shekara ashirin wanda babur ɗin nan shine gonarsa shine shagonsa, ka karɓe, ka hana ubansa sayar da tattasai, ka hana uwarsa banda, sannan ka zaunar dashi a sansani yana jiran awon gero, ga kuma wasu a daji suna aiko masa da saƙo cewa zo mu baka jari da mata. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma da hannunmu muka ƙara tsaga shi.

Akwai wani yaro da yake mana dako a Doro, mai ƙarfi ga ladabi, kwali biyu yake ɗauka a kai yana wasa da dariya. Bayan an watse na haɗu dashi a Maiduguri yana yawo ba aikin fari ba na baƙi, na bashi abinda ya sawwaƙa. Bayan kamar shekara na tambayi wani ɗan garinsu sai ya kawar da kai yace min ya shiga ciki. Ban sake tambaya ba. Yaron nan ko Fatiha da ƙyar yake kawo ta daidai balle ace aƙida ce ta ja shi.

Su kuwa na cikin tafkin, musamman ɓangaren Boko Haram da ake kira ISWAP, sun gane abinda mu muka kasa ganewa, basu hana kamun kifi ba, haraji suka sa. Ka biya ka shiga ruwa, ka biya ka fito da kaya, makiyayi ya biya ya yi kiwo. Wato kasuwar bata mutu duka ba, hannu ta canza, kuɗin da da zai shiga aljihun ƙaramar hukumar Kukawa da 'yan dako da mai shayi yanzu harsashi ake saye dashi. Talaka kuma ya shiga tsaka mai wuya, in ya biya su ance yana taimakon 'yan ta'adda, in bai biya ba ko ya bi ta inda basu yarda ba a kashe shi. Manoman shinkafa na Zabarmari da aka yanka a Koshebe a watan Nuwamban 2020, mutum 43 aka yi wa sallah rana ɗaya, me suka je nema in ba abinci ba? Haka na Dumba kusa da Baga a Janairun 2025, mutum 40 ko fiye. Ni kaina na taɓa gwada sa'a na kwaso 'yan kwalaye bayan an ɗan sassauta, kafin in iso gari shingen da na tsaya na bada na goro sun fi goma, a na ƙarshe wasu masu kaki, ba sai na faɗi ko su waye ba, suka sauke rabin kayan sukace bincike za'ayi, har yau ana binciken. Daga ranar na haƙura, yanzu kifin kandami nake saye ina bandawa a bayan gida.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2021 tace zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya ci rai kusan 350,000, kuma a cikinsu waɗanda makami ya kashe kai tsaye basu wuce kashi ɗaya cikin goma ba, sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, yawanci ƙananan yara. Dana ji wannan lissafin ban yi mamaki ba ko kaɗan, don na san gidajen da tukunyarsu ta dogara da kwalin nan.

Kuma kada wani ya ɗauka sai an harba bindiga ake rasa zaman lafiya. Dubi abinda ya faru bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke baiwa Nijar, ko harsashi ɗaya ba'a harba tsakanin ƙasashen biyu ba amma jeka tambayi mutanen Jibiya da Illela da Maigatari da Konni da Maraɗi yadda suka ji, motoci jere a bakin iyaka albasa na ruɓewa a ciki, mai ɗiya a tsallake ya koma bin hanyar daji kamar ɓarawo. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Shugabanni sun yi fushi da juna na wata bakwai ko takwas, 'yan kasuwa da yawa kuma jarinsu ya tafi kenan har abada. Yanzu Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, a Maris ɗin 2025 kuma ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Kowa na da hujjarsa, ni ba ɗan siyasa bane, amma na san ɗan ta'addan da ke cikin kwale-kwale baya tsayawa a iyaka a buga masa hatimi, mai kwalin banda ne kaɗai ake tsayarwa.

Na yaba da ƙoƙarin da akayi na mayar da mutanen Baga gida tun daga 2020, Gwamna Zulum har hari aka kai wa ayarinsa akan hanyar nan bai fasa ba, wannan ba ƙaramin abu bane. Sai dai mayar da mutum gida daban, barinsa ya nemi abinci daban. In an gina masa ɗaki biyu da fanfo amma bazai iya wuce 'yan kilomitoci daga gari ba sai da ransa a hannu, to sansanin gudun hijira aka matsar masa kusa da ruwa kawai. Abinda nake roƙo shine duk sanda za'a zauna maganar tsaro a yankin nan, ko a Abuja ko Njamena ko Yamai ko Yawunde, a kira shugabannin masunta da fatomomi da direbobi da matan banda a tambaye su kafin a rufe wata kasuwa ko wata hanya, sun san wanda yake saye da wanda yake sayarwa fiye da duk wani rahoto. Sannan a rage shingayen nan, ko a sa ido akan abinda ake karɓa a cikinsu.

Kai kuma Edita ga nawa roƙon gareka. Maimakon hoton manya suna musabaha a taro, ka tura wakilinka Tashar Baga a Maiduguri ya kwana biyu, ya zauna da tsofaffin dillalai su faɗa masa mota nawa suke lodi a sati a shekarar 2005 da kuma nawa suke yi yanzu, ya tambayi kuɗin kwali a bakin ruwa da kuɗinsa in ya iso gari, da hannu nawa ya karɓi rabonsa a tsakani. In ya samu dama ya ƙarasa Gamboru ya tsaya a gadar da ta haɗa ta da Fotokol ya ƙirga tirelolin da ke wucewa zuwa Kusiri da Njamena. A buga mana alƙaluman yadda suke, kuma a riƙa komawa duk shekara ana sake ƙirgawa.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. A gaida ma'aikata.

Naka mai karatu kullum,
wani tsohon ɗan kasuwar banda, daga Kano