Godiya ga Injiniya da yaran shagon kayan sauti na kusa da Ƙofar Wunti

Assalamu alaikum Injiniya, kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Na kawo wannan godiyar bainar jama'a ne saboda abin da kuka yi mini ba kasafai ake samunsa a kasuwa ba. Na zo da kuɗina da niyyar sayen manyan lasifikoki guda biyu, irin dogayen nan masu tsayawa a ƙasa, ga su nan jere a shagonku, amma ka ce in dakata tukuna a ga abin da nake da shi a gida. Abin da ke gidan kuwa lasifikokin tsakiya ne guda biyu iri ɗaya, waɗanda ƙanina ya haɗo mini cikin kayan gwanjo daga kasuwar Alaba ta Legas, tare da amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da wufa, akwatin da ke fitar da rugugin sauti mai kauri. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ai waɗannan ba sa zama manyan hagu da dama, aikinsu kwanciya a ƙarƙashin talabijin su fitar da maganar 'yan wasa. Kai ne ka ce za su yi, in dai an san yadda za a ajiye su.

Bayanin da ka yi mini ya cancanci a maimaita shi, don na san akwai gidaje da yawa a Bauchi da irin waɗannan lasifikoki suke jibge suna shan ƙura. Ka cire murfin gaban ɗaya ka nuna mini cikinta: manyan baki biyu, wato faya-fayan da ke fitar da sauti, a gefe da gefe, ƙaramar tuwita mai fitar da siririn sauti a tsakiyarsu. Ka ce idan tana kwance, wanda ya zauna daidai saitinta zai ji komai garau, amma wanda ke gefen falo ya fi kusa da baki ɗaya a kan ɗayan, sai sautin biyun ya riske shi ba a lokaci guda ba, wani sashe ya kashe wani. Inda abin ya fi shafa kuma shi ne daidai inda muryar mutum take, shi ya sa na gefe yake jin magana a dushe. Da zarar an miƙar da ita tsaye, bakin nan biyu sun koma sama da ƙasa, nisansu daga kunnen kowa da ke zaune ya zama kusan ɗaya, sautin ya bazu daga wannan kujera zuwa waccan. Har ka ƙara da cewa a tsaye aka fara tsara wannan jeri, wani injiniya ɗan Amurka, Joseph D'Appolito, ya yi bayaninsa tun 1983. Kwantar da ita da ake yi don ta samu wurin zama a ƙarƙashin talabijin ne kawai.

Yaron da ka turo gida ma sai dai a ce Allah ya yi albarka. Kafin ya jona komai sai da ya juya bayan amfilifayar ya karanta abin da ke rubuce, ya ce, "Baba, wannan ta Amurka ce, wuta 120 take ɗauka, tamu kuwa 230 ce. In aka jona ta kai tsaye ƙonewa za ta yi." Ya duba bayan lasifikokin ya ga om 6, wato ma'aunin tirjiyar da suke yi wa wuta, ya tabbatar amfilifayar za ta iya jansu ba tare da ta yi zafi ba. Ɗaya daga cikin wayoyin kuma alamarta ta goge, ba a gane wace ce ja wace ce baƙa. Sai ya zaro batirin rimot ya ɗan taɓa bakin wayar da shi, yana kallon bakin lasifikar: ya turo waje ko ya shige ciki. Da haka ya gane kowace, ya naɗa mata salatif ja. Ya ce in aka juya ɗaya, kaurin sautin zai zube, murya kuma ta rasa matsaya tsakanin hagu da dama.

A saitin amfilifaya ya sanar da ita cewa lasifikokin ƙanana ne, ya sa iyakar kaurin sautin da za ta tura musu a haz 80, wato ma'aunin da THX, kamfanin tantance ingancin kayan sauti, ya ba da shawara, domin duk wani rugugi da ke ƙasa da nan ya koma wa wufa. Ya kuma nuna mata babu lasifikar tsakiya, sai ta raba maganar ga hagu da dama daidai wa daida, har ka rantse daga cikin talabijin muryar take fitowa. Ya auna tsayin kunnena ina zaune ya rubuta wa kafinta, aka yi musu ƙafafun katako yadda tuwita za ta zo daidai kunne. Ya kuma janye su kaɗan daga bango saboda ramin iskar da ke bayansu.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ba ka ɓoye iyakarsu ba. Ka gaya mini ƙarara cewa ba tare da wufa ba ba za su gamsar ba, kuma ba kayan biki ba ne da za a fito da su tsakar gida a ƙure musu murya. Ka ce ba kowace lasifikar tsakiya ake miƙarwa ba, akwai masu tuwita a saman wani ƙaramin baki, waɗannan a kwance aka gina su, a bar su a kwance. Ka kuma ce in wata rana na samu ta uku irinsu sak, in sa ta a tsakiya, in kuwa ba irinsu ba ce gara a zauna a haka, don kada murya ta riƙa canza launi idan ta tsallaka daga wannan zuwa waccan. Mai neman ciniki kawai ba zai tsaya yin wannan dogon bayanin ba alhali ga kaya a gabansa yana son su fita.

A ƙarshe abin da na saya a wurinku taransifomar rage wuta ce, da sitabilaiza, da waya mai kauri, kuɗin bai kai kwatan abin da na tanada ba. Hajiya mahaifiyata, wadda jinta ya ɗan yi nauyi, yanzu daga kujerarta ta kusa da ƙofa take sauraron tafsiri da finafinan Hausa ba ta cewa a ƙara murya. Yara kuma ranar ƙwallo sun daina rige-rigen kujerar tsakiya.

Ina roƙonka ka ci gaba da koya wa yaran nan aikin yadda kake yi, kuma ka isar da gaisuwata ga wanda ya zo gidan, ya ƙi karɓar ko kuɗin acaɓa sai da na matsa masa. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare shagon daga gobara da asara, ya sa albarka a cikin abin da kuke samu.

Naku,
Abokin cinikinku daga Unguwar Jahun, Bauchi