Amsa ga Yayana a sana'a, kan tambayar da ka yi min a rediyo

Assalamu alaikum Yaya,

Yara ne suka kunna min a waya, wai ka kira shirin rediyo ka ce a tambaye ni ina tsarin nan na ajiye kayan aiki a gareji da nake ta yi wa kanikawa wa'azi a kai, tunda ka biyo ta garejina ka tarar da sifanu a ƙasa ga baƙin mai ko'ina, har ka ƙara da cewa ko dama don a ɗauki hoto a karɓi kuɗin Turawa aka yi fentin allon da muke rataye kayan aiki. Lambata tana wayarka, gidana ka sani, amma rediyo ka zaɓa, to bari ni ma in amsa inda jama'a za su gani.

Maganar kuɗin nan ita ta fi min ciwo wallahi. A gaban oga ɗaya muka koyi aiki, Allah ya jiƙansa, ka san ni tun ina wanke kayan inji da fetur a kwano, yau kuma ni za ka jefa da cin kuɗin wasu? Katakon allon da fentin duk daga aljihuna suka fito. In kana da sunan wanda ya ba ni ko sisi ka koma rediyon ka faɗa, katin kiran ni zan saya maka.

Sannan yaushe ka zo? Bayan azahar, inji a sauke, yara uku a kansa, me kake so ka gani, darduma? Ka dawo dab da magariba ka duba allon bango, kowace sifana an zana siffarta da fenti a inda take rataye, in lamba 12 ba ta dawo ba gurbinta zai tona asiri tun daga bakin ƙofa, kuma ba mai tafiya gida sai an nemo ta. Da a ce ka tsaya ka tambaya maimakon leƙe daga cikin mota da ka ji wannan.

Wai kuma abin Japan ne bai dace da mu ba. Haba Yaya, kai da kake kwana kana tashi a cikin Corolla da Hilux. Masu ƙera su ne suka shahara da tsarin da ake kira 5S, wato ka ware abin da ba ka buƙata, ka ba kowane kaya mazauninsa, ka share, ka mayar da hakan ƙa'ida, sannan ka ɗore a kai. Huɗun farko ko a sati ɗaya ka gama su, na biyar ɗin ne ke kayar da mutane har a can. Taiichi Ohno na Toyota da alli yake zana da'ira a ƙasan masana'anta ya tsayar da ma'aikaci a ciki ya yi ta kallon aiki har sai ya gano inda ake ɓarnar lokaci, kenan su ma ba da tsarin aka haife su ba.

A gareji abin da ke cinye tsari shi ne yaye yara, ka horar da yaro shekara da shekaru ya tafi ya buɗe nasa, sabo ya zo bai san komai ba, sai a koma farko. Shi ya sa sabon yaro a wurina sai ya haddace allon kafin ya taɓa mota. Minti goma kafin tashi kowa yana mayar da kaya, kuma ni nake fara ɗaukar tsintsiya, don ranar da oga ya jefar da sifana a ƙasa ya wuce to ya soke dokar da kansa. Allon ma kusa da ramin da ake gyaran mota muka kafa shi, in mayar da abu ya fi yar da shi wahala ko za ka yi ta ihu har dare yarwa za a yi.

Ka ce da bulala ake gyara yaro. Ai mun ga bulala a 1984 lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, kowa ya bi layi a tasha da banki, da aka yi juyin mulki a Agustan 1985 layin nan nawa ne ya rage? Obasanjo ya kafa SERVICOM a 2004 don ma'aikatun gwamnati su riƙa yi wa jama'a aiki yadda ya kamata, amma har gobe mutum zai je ofis a ce masa fayil ɗinsa ya ɓata ya dawo jibi. Mu dai a ba mu bikin ƙaddamarwa, a kafa rumfa a yi jawabi a raba lemo, wanda zai zagayo bayan wata shida ya duba ko abin yana aiki shi ne babu, in kuma wani ya dage sai 'yan'uwansa su ce neman suna yake.

Kwastomomin da suka baro wurinka suka dawo nan ban kira ko ɗaya ba, ka tambaye su dalili. Kuma don Allah sifanar fulogin da yaronka ya ara tun kafin azumi a dawo min da ita, ina da aiki da ita gobe.

Naka,
Ƙaninka a sana'a